Ƙarfen da ke Tokare Ƙofa

Sau uku Resham ta share ɗakin a safiyar nan, kuma duk sau ukun tsintsiyarta a wuri ɗaya take tsayawa: bayan ƙofa, inda ƙarfen yake zaune cikin tsohon buhu. Baƙo in ya shigo cewa zai yi dutse ne aka naɗe don ya tokare ƙyaure, tunda iskar tuddan Dhok Sarwala ba ta san sallama ba. Shekara huɗu yana wannan aikin. A kansa 'yarta Parwin ta koyi zama, shi ta dafa ranar da ta fara miƙewa tsaye. A duk ƙauyen mutum uku ne suka san abin da ke cikin buhun: Resham, da mijinta Sajawal, da mahaifinsa, Babaji Fateh Sher.

Shekaranjiya Subedar Karam Dad, wani hafsan soja, ya sauka a zauren baƙi na jikin masallaci, da akwatin takardu da wani babban littafi mai baƙin bango. Rundunar igwa ta kan duwatsu ce ta aiko shi. Takardunta sun ƙone a lokacin janyewa daga Burma, yanzu kuma da yaƙi ya ƙare ana so a rubuta tarihinta daga bakin waɗanda suka rage. A Dhok Sarwala babu gidan da bai ba rundunar nan ɗa ba. Kakanni sun ja alfadaranta, jikoki sun ɗura mata harsashi. Kwana biyu ke nan maza suna shiga zauren ɗaya bayan ɗaya, suna fitowa da jajayen idanu. Yau bayan azahar keken doki zai zo ya ɗauke shi.

Ba a kira Sajawal ba. Me za a tambayi kurma, wanda kuma kowa ya riga ya san labarinsa?

Resham ta jingine tsintsiyar, ta ɗauki kwaɓin alkama, ta saɓa Parwin a kwankwaso, ta nufi tanderun unguwa. Mata shida ne a wurin, hira ta yi daɗi, amma tana isowa sai aka koma tafa kwaɓi kawai. Masi Bakhto ce, dattijuwar unguwa, a bakin tanderun, hannunta baƙi ƙirin da wuta.

"Ku matsa wa matar mai kyauta," in ji ta, ba tare da ta ɗago ba. "Gidan da ke ba Japanawa igwa sukutum ai ba a sa su jira."

"Ina kwana, Masi."

"Lafiya lau. Jiya na aika wa Subedar saƙo ta bakin ƙanena. Na ce ya rubuta sunan ɗana Gulzar da kyau, ya kuma rubuta igwar da ta kashe shi. Ta huɗu. Kada ya manta da sunan sajenta."

Wata yarinya 'yar shekara biyar ta miƙo wa Parwin guntun gurasa, sai uwarta ta janye hannunta a hankali, kamar mai kau da yaro daga bakin rijiya. Parwin ba ta gane ba, ta ci gaba da miƙa hannu tana dariya. Yau shekarar yarinyar biyu da rabi. Wata rana za ta gane.

Labarin da ƙauye ya sani gajere ne. A bakin wani kogi, ranar da runduna ke tsallakawa, an bar igwa ta huɗu a baya tana kare sauran. Da abokan gaba suka matso, Saje Sajawal ya ce wa mutanensa su gudu, su kuwa biyun da suka tsira sun rantse lafiyarta ƙalau suka bar ta. Da la'asar ɗin ranar harsasan igwa suka faɗo wa rundunar a ɗaya gaɓar, mutum tara suka mutu, har da Gulzar. Aka ce igwarsu ce aka juya musu. Aka cire wa Sajawal igiyoyinsa uku, aka sallame shi da matattun kunnuwa.

Resham ba ta tsaya ta gasa duka ba. Ta koma gida da rabin kwaɓin a kwano.

Babaji yana kan gadon igiya a inuwar bango, yana zuƙar lofensa na ruwa. Kallo ɗaya ya yi mata ya gane.

"Bakhto ce?"

"Babaji, yau zai tafi."

"Allah ya kai shi lafiya."

"Da littafin zai tafi. Abin da aka rubuta a ciki shi za a riƙa karanta wa sababbin kurata har bayan ranmu. Jikarka za ta yi girma da shi, 'ya'yanta ma haka."

"Ɗiyata, zauna."

Ba ta zauna ba. Ta ajiye kwanon, ta ɗauka, ta sake ajiyewa.

"Na gaya miki sau nawa? Akwai hatimin gwamnati a jikin ƙarfen nan, da lamba. Shekara ashirin da biyu na yi a rundunar nan, na san halinta. A zamaninmu wani ya tafi gida da linzamin alfadari, linzami kawai, wata shida ya yi yana fasa dutse. To ina ga makullin igwa? Magana ce ake yi mana, magana kuma ba ta kulle mutum. Ɗa ɗaya ya rage mini. Sun karɓe kunnuwansa, ba zan ba su sauran ba."

"Amma shi ne shaidar cewa ba igwarsa ba ce ta yi harbin."

"Shi ne shaidar cewa kayan gwamnati ya kwana shekara huɗu a gidana."

Ta san yadda aka yi, don ta sha ji. Makulli shi ne ƙarfen da ake murɗawa a toshe gindin igwa bayan an ɗura harsashi. In babu shi, igwa bututu ce kawai. Sajawal ya cire shi bayan ya kori mutanensa, ya naɗe a bargo, ya shiga daji. Mako uku bayan sauran ya fito ƙasar Indiya, zazzaɓi ya cinye shi, bai san ko sunansa ba, amma ya ƙi sakin bargon. Babaji ne ya je asibitin soja, ya buɗe ƙunshin, ya ga hatimi. Ya kawo shi gida a ƙasan kwandon kaya. Da masu bincike suka zo, ya koya wa ɗansa abin da zai ce: a kogi na jefa. Babu wanda ya yarda.

Resham ta zagaya bayan gida. Sajawal yana yanka wa ɓaunar da suke tatsa ciyawa, ciyawar da ta riga ta ishi kwana uku. Ta gaba ta ɓullo masa, don ba a taɓa shi ta baya. A nan ta lura da abin da ba ta gani ba da safe: ya sa tsohuwar rigarsa ta soja a ƙarƙashin ta gida, takalmansa kuma suna gefe a goge, suna ƙyalli. Ashe tun asuba jira yake a kira shi.

A duniya leɓen mutum ɗaya kawai yake iya karantawa, nata. Ta tsaya inda haske ke dukan fuskarta.

"Baban Parwin. Ƙarfen."

"Babaji ya hana," ya ce, da ƙarar nan tasa da ba ya jin girmanta. Ta ɗora yatsa a baki, ya rage murya. "Ubana ne. Ba zan tsallake maganarsa ba."

"Ba kai za ka ɗauka ba. Kai ka riga ka ɗauki rabonka."

Ya daɗe yana kallon bakinta, kamar yana jiran ta janye.

"In suka kulle ni fa? Alkama ta nuna. Wa zai yanke?"

"Ni zan yanke. Na iya lauje tun kafin in san ka."

"Ke da yarinya a kwankwaso."

"Saboda yarinyar ce."

Ya ajiye addar, ya zauna a bakin kwamin ɓaunar, ya jawo takalmansa.

Ta naɗa gammo da tsohon mayafi. Sau biyu ta gwada ɗaga buhun ya ƙi. A na uku ta durƙusa, ta mirgino shi kan cinyarta, daga nan zuwa kafaɗa, sannan kai. Ya fi tulu biyu cike da ruwa nauyi, kuma nauyinsa a dunƙule yake wuri ɗaya, kamar zai huda mata ƙwaryar kai. Mako uku, ta ce a ranta. Cikin duwatsu, da zazzaɓi. Tana fita ƙofar ta bugu a bayanta.

"Resham," in ji Babaji. Bai taɓa kiran sunanta haka ba. "Ajiye."

"Ka yafe mini, Babaji."

Ba ta waiwaya ba, don in ta juya wuyanta zai karye. Parwin ta riƙe gefen wandonta tana tafe tana tuntuɓe, Sajawal yana biye da su taku uku a baya. Da suka wuce tanderu, tafin kwaɓi ya tsaya.

"Ina za ta da dutsen ƙofarsu?"

"Ko Subedar za ta jefa?"

Wata ta yi dariya, amma duk suka taso, har Masi Bakhto, da gurasa a manne a cikin wuta.

Mace ba ta shiga zauren baƙi. Resham ta tsaya a bakin ƙofa. A ciki maza sun kai goma sha biyar a kan tabarma, Subedar kuma yana ɗaure akwatinsa da igiya. Dattijo ne siriri, gemunsa ja da lalle, tabarau a kan hanci. Ta sauke buhun a kan dokin ƙofa, ƙasa ta amsa. Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska.

"Bibi, lafiya? Me kika kawo?"

"Kayanku ne, Sahib."

"In man shanu ne na gode, an riga an cika mini akwati."

"Ba ya narkewa, Sahib."

Ya taso ya tsuguna, ya kwance bakin buhun. Ƙarfen ya fito fes, babu ɗigon tsatsa, zarensa yana sheƙi. Babu namiji a wurin da bai san abin da yake kallo ba. Subedar ya shafa shi da yatsa, ya sansana.

"An shafa masa mai."

"Duk Juma'a, Sahib. Man da nake girki da shi."

Ya juya shi har ya samu lambar, ya koma ya kwance igiyar da ya ɗaure yanzu, ya zaro wani ƙaramin littafi, ya bi layi da farce. Ya duba ƙarfen, ya duba takarda, ya sake duba ƙarfen. Sannan ya miƙe tsaye, ya gyara rawaninsa, ya haɗa dugadugai, ya sara wa ƙarfen. Sojan igwa ba shi da tuta, igwarsa ce tutarsa. Mazan da ke kan tabarma suka miƙe ɗaya bayan ɗaya, har masu dogara sanda.

"Ta huɗu ce," in ji Subedar. "Ina sajenta?"

Aka buɗa hanya. Sajawal ya tsaya ƙyam a bakin ƙofa. Subedar ya yi masa tambaya, ya ga idanunsa sun koma kan matarsa.

"Ba ya ji, Sahib. Bakina yake karantawa."

"To sai ki sauke mayafin, ɗiyata. Babu mai kallonki a nan sai mijinki."

Maza suka sunkuyar da kai. Ta sauke. Subedar ya buɗe babban littafin a kan gwiwarsa, yana tambaya, tana maimaitawa da leɓe, Sajawal yana amsawa da muryar da ake ji har tanderu.

"Harsashi huɗu suka rage, Sahib. Na ce wa yara su tafi. Na harba huɗun ni kaɗai, a nan kunnuwana suka tafi. Sannan na cire shi."

"Dokar ita ce a jefa a kogi. Me ya hana ka?"

"Rani ne, Sahib. Ruwan ya janye, ana ganin tsakuwa a ƙasa. Da sun tsamo shi kafin su gama shan shayi."

"A daji fa? Ai sai ka binne."

Sajawal ya dubi ƙarfen.

"Kullum sai in ce gobe. In gari ya waye kuma sai in ga ai ɗan tudu ɗaya ne ya rage."

Alƙalamin Subedar ya tsaya. Ya cire tabarau, ya goge da gefen rawani.

"Bara, da muka koma ƙasar, mun tsinci igwar nan a cikin ciyawa, bayan wata tashar jirgin ƙasa. Babu makulli. Muka ce Japanawa ne suka cire da za su gudu. Tana can barikinmu har yau, yara suna goge ta, ba ta magana."

Sai aka ji ƙarar sanda a kan tsakuwa. Babaji ne, yana haki, rawaninsa ya karkace. Ya ratsa matan ya tsaya gaban ɗansa.

"Subedar Sahib, ni na ɗauko shi daga asibiti. Ni na ɓoye, ni na koya masa ƙarya. In ɗauri ne, ga hannuna. Yaron ba ya ko ji."

"Babaji, zauna ka huta."

"Ba zan zauna ba sai na ji."

"Wa zai ɗaure ka? Dokar ta ce kada makulli ya faɗa hannun abokan gaba. Bai faɗa ba." Ya dubi tsohon. "Da a shekarar aka kawo shi, ba cire masa igiya za a yi ba. Ƙari za a yi masa."

Babaji ya nemi bango da hannu, ya zame ya zauna a ƙasa. Sajawal ya dubi Resham yana tambaya da ido me aka ce. Ta dubi tsohon, ta dubi mijinta.

"Ya ce babu ɗauri," in ji leɓenta. Sauran ta riƙe.

"Igiyoyinsa fa, Sahib?" ta tambaya.

"Zan rubuta wa manya, amma ban yi alkawari ba. Turawa ɗaure kayansu suke yi, babu mai karanta takarda yanzu. Littafin nan dai a hannuna yake." Ya soke wasu layuka biyu, ya yi rubutu a ƙasansu. "Dole in faɗi inda ya zauna shekara huɗu. A ina aka ajiye shi?"

"Ƙofar ɗakinmu yake tokarewa."

Wani tsoho ya tuntsire da dariya, ya mayar da ita tari.

"Zan ce yana hannun amana a wurin sajensa," in ji Subedar, ya hura tawadar, zai rufe.

"Sahib, nuna mini sunan."

"Kin iya karatu?"

"A'a. Amma akwai shi a jikin akwatinsa na soja, kullum ni nake goge shi."

Ya juyo mata da littafin. Ta sunkuya, ta bi layin da ido ba ta taɓa ba, har ta gane na farkon mai lanƙwasa kamar maciji, da mai kama da ƙugiya, da mai haƙoran zarto kusa da ƙarshe. Ta ƙirga su a ranta. Bakwai, kamar na akwati.

"Shi ne."

Daga can bayan mata wata murya ta taso, ba irin ta bakin tanderu ba.

"Subedar Sahib." Masi Bakhto ce. "To wace igwa ce ta kashe Gulzar ɗina?"

"Tasu, Masi. Su ma suna da igwar kan duwatsu."

"Tasu."

"Tasu."

Ta tsaya tana kallon ƙarfen, kamar wadda ta zo ɗaukar kayanta ta tarar an kwashe. Can ta ce, "Gurasata," ta juya. Hayaƙin ƙonanniyar alkama ya riga ya rufe layin.

Bayan azahar maza biyu suka ɗora buhun a keken doki. Sajawal ya gyara masa zama da kansa, ya cusa ciyawa a gefe don kada ya yi ta gara. Ya tsaya a kan hanya har keken ya sha kwana a bayan tudu, sannan ya dawo gida ya cire takalmansa. Babaji ya kwanta ya juya wa tsakar gida baya, lofensa ya mutu bai nemi wuta ba. Resham ta ajiye masa shayi a ƙasan gado.

Da la'asar iska ta taso daga tuddai. Ƙofar ta buɗe, ta bugu, ta sake buɗewa. Parwin ta je inda ta saba zama, ta tarar da da'ira ce kawai a ƙasa, wuri mai santsi da ɗan maiƙo. Ta zauna a tsakiyarta duk da haka, tana wasa da yatsun ƙafarta.

Sajawal yana bakin gado, ya ɗauko tsumman mai, ya ninke, ya warware, ya sake ninkewa. Ƙofar ta sake buguwa har ƙasa ta zubo daga bango. Bai ɗago ba.

Resham ta taɓa wuyanta inda ya sage. Gobe akwai wasa lauje, akwai kuma rabin kwaɓin da ba a gasa ba. Ta ɗauki gammon, ta miƙa wa Parwin hannu.

"Taso mu je rafi," ta ce. "Mu nemo dutse."